Ranar da Ɗanasabe Ya Ɓata Rijiyar Unguwa

A Talata Mafara akwai wani mutum da darajarsa ke hawa da sauka tare da hadari. Da rani, idan ya wuce majalisa ya yi sallama, mutum ɗaya ke amsawa a madadin kowa, shi ma ba tare da ya ɗago kai daga wayarsa ba. Amma da zarar damina ta yi nisa, gabas ta fara yin baƙi kullum da rana, sai ka ji manyan mutane masu babbar riga suna kiransa Injiniya, suna tambayar lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda bai haifa ba. Sunansa Ɗanasabe. Sana'arsa gyaran gida bayan ruwa ya shiga, musamman irin ruwan nan da ba ya zuwa shi kaɗai, wanda ke biyawa ta masai ya kwaso abin da ke ciki ya dawo wa masu gida da shi har gindin gado.

A Birnin Tudu aka haife shi, cikin ƙasar Bakura. Ya yi firamare har aji huɗu, daga nan mahaifinsa ya ga karatun ya isa, ya miƙa masa fartanya. Ya tashi yana noman rani a bakin hanyoyin ruwan da ke fitowa daga madatsar Bakolori, albasa da tumatir, har Allah ya hore masa ya sayi ɗan injin ban-ruwa na hannu. Da damina injin zaune yake a ɗaki ba aikin komai. Wata shekara ruwa ya cika gidan wani maƙwabcinsa, mata na ta fama da ƙwarya da roba, Ɗanasabe ya ɗauko injin ya zura tiyo a tsakar gida, kafin la'asar an ga ƙasa. Labari ya bazu. Gida na biyu da aka kira shi, ruwan ya haɗu da na masai. Bai ƙi ba, ya zuƙe.

Da rani ya zagayo ya kai albasarsa kasuwar Talata, sai ya ga mutanen garinsu suna tsallake buhunansa. Ya rantse musu cewa tiyo daban ya saya, injin ma ya wanke shi da sabulu. Suka ce sun yarda, ai ba su ce komai ba, suka wuce suka sayi albasar wani da ke zuba wa gonarsa takin da ba wanda ya taɓa tambayar daga ina aka kwaso shi. Shekara biyu yana wannan fama. A ta uku ya bar wa ƙanensa gonar, ya ɗauki matarsa Taiba da injinsa suka koma Mafara, inda gidaje suka fi yawa kuma lambatu ya fi toshewa.

A can ya haɗu da Bawa, wani dattijo da ya shekara talatin yana yashe masai da guga da igiya. Shi ya nuna masa sauran aikin. Kuma a kan Bawa ya ga abin da har yau bai manta ba. Wata safiya a teburin mai shayi, Bawa ya sha shayi mai madara ya ji daɗi, bakinsa ya saki, ya ce jiya ya fito da kwalabe goma sha ɗaya daga masan wani babban mutum, kuma ba kwalaben lemo ba ne. Bai ambaci suna ba. Bai ambaci unguwa ba. Amma abin mamaki, kusan kowane babban mutum a garin ya tabbata da shi ake. Daga ranar ba wanda ya sake kiran Bawa. Mutane suka gwammace su je har Bakura su ɗauko baƙo wanda bai san kowa ba. Kafin shekara ta zagayo, Bawa ya tattara ya koma Morai wurin 'ya'yansa, yana gadin awaki.

Ɗanasabe ya fahimci cewa ba don injin ake kiransa ba. Inji kowa na iya saye. Ana kiransa ne don abin da ya gani a cikin gida ba ya fita da shi. Da wannan shirun yake ci da matarsa da 'ya'yansa huɗu, kuma ya san ranar da ya buɗe baki sau ɗaya, sana'a ta ƙare.

Aikinsa kuwa yana da tsari, kuma a kan tsarin yake faɗa da kowa. Da farko ya zuƙe ruwa. Sannan ya ɗage ledar ɗaki, ya naɗe kafet, ya fitar da duk abin da ya jiƙa. Katifar da ta sha ruwan masai ba ya yarda a shanya ta, ƙonewa ake yi, ko da uwargida za ta yi kuka ta ce ta aurenta ce. Ya wanke daɓe da omo, ya bi da ruwan kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta sau biyu. Idan ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, sai ya ɗauki guduma ya farfasa shafen daga ƙasa har gwiwa, don bangon ya sha iska ya bushe, in ba haka ba ƙasar ta ruɓe a ciki, bango ya zauna wata rana ba sallama. Daga nan ya jera kaskon gawayi a kusurwoyi, ya bar tagogi a buɗe. Masu gida sun fi son a kunna turaren wuta a shafa fenti a wuce wurin. Shi kuwa yakan ce hanci kawai turare ke yi wa aiki.

Ana girmama shi, ba a ce ba. Duk gidan da ya shiga ana kawo masa ruwan sha a kofi mai kyau. Idan ya gama ya miƙa kofin, sai a ce, "A'a, Injiniya, riƙe shi, kyauta ce." Taiba ta jera su a kanta, sun fi arba'in, na roba da na silba da na tangaran, ba biyu iri ɗaya. Baƙuwa idan ta shigo ɗakin sai ta zaci 'yar wani attajiri ce aka yi wa jere.

Shekarar da abin ya faru, wata Talata ce, kasuwa ta cika. Ruwa ya kece bayan azahar bai ɗauke ba sai dab da magariba. Lambatun da ke gangaren bayan kasuwa ya toshe da leda da ɓawon rake, ruwan ya rasa hanya ya shiga unguwa. Laraba da sassafe wayar Ɗanasabe ta yi ƙara. Alhaji Isma'ila ne, babban ɗan kasuwar shinkafa, wanda unguwar ke kira Alhaji Mai Rijiya.

Sunan ba a banza ya same shi ba. A farfajiyar gidansa, tsakanin get da cikin gida, akwai rijiya mai ruwa garai-garai wadda ba ta ƙafewa ko da bazara. Kowace safiya ana buɗe get, matan unguwa da 'yan mata su shigo su ɗiba. Gidaje sun kai talatin da ke sha daga nan. Alhaji ya sa an rubuta "Sadaka Mai Gudana" da koren fenti a jikin bango, da sunansa a ƙasa cikin haruffan da suka fi na sadakar girma. Shekarar da ta gabata ya sa aka cike farfajiyar da ƙasa aka shimfiɗa tayil, don motarsa ta daina taka laka. Wurin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ƙasa ta taso har bakin rijiyar ya rage bai fi taƙi ɗaya ba, kuma mai tayil ya toshe rariyar da ruwa ke fita, ya ce tana ɓata tsari. A kusurwar farfajiyar kuma akwai bayin baƙi.

Ɗanasabe ya turo injinsa a amalanke ya iso. Alhaji da kansa ya buɗe masa get, ya leƙa hagu da dama, ya ja shi ciki ya rufe.

"Injiniya, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Alhaji."

"Awo, ya yi gyara." Alhaji ya dubi farfajiyarsa, inda gyaran ke yawo a kan ruwa har idon sawu. "Ɗan ruwan sama ne ya taru. In wani ya tambaye ka, famfo ya fashe."

"Gidan da famfo, Alhaji?"

"Za a sa."

Wuni biyu Ɗanasabe ya yi a gidan. An faɗa wa unguwa ana ɗan gyara, a yi haƙuri da rijiya zuwa Juma'a. Ya zuƙe farfajiya da falon baƙi, ya yashe masan da ya tumbatsa, ya fasa tayil biyu ya buɗe rariya. Ya ƙone katifa biyu a bayan gida. Kafet ɗin falo Alhaji ya hana a taɓa, ya ce daga Madina ya zo da shi, sai da Ɗanasabe ya ɗaga gefe ɗaya ya ce ya matso ya shaƙa, sannan Alhaji ya ce a fitar, ai dama ya tsufa.

Alhamis da hantsi, yana wanke bangon farfajiya, ya tsaya yana duban layin da ruwa ya bari. Ruwa ba ya ɓoye inda ya kai, yakan bar zane baƙi-baƙi da 'yan ciyayi manne. Ya ɗora hannu a kan zanen, ya bi shi da ido har wurin rijiya. Zanen ya fi bakin rijiyar tsawo da yatsu huɗu. Ya ɗage murfin kwanon da aka rufe ta da shi, ya haska tocila. Ruwan ya kwanta, ya yi shiru kamar bai san komai ba. A gefe ɗaya wata 'yar buta ta roba tana yawo, irin wadda ake ajiyewa a bayi.

Ya kira Alhaji ya nuna masa zanen, ya nuna masa butar.

"Alhaji, ruwan wanga ya shiga rijiya. Sai an yashe ta ƙaf, an zuba magani, an bar ta kwana uku. Bakin kuma a ɗaga shi."

Alhaji ya sa aka kawo ƙugiya, ya ciro butar da kansa, ya jefa ta bayan mota. "Shi ke nan, an fitar."

"Ba butar ce matsalar ba."

"Injiniya, kai ka san inji, mu mun zauna gaban malamai. In launin ruwa bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba, ƙamshi bai sake ba, ruwa shina nan da tsarkinsa." Ya jawo guga ɗaya, ya ɗaga shi a rana. "Ka ga launi?" Ya kai hanci. Gidan a lokacin kasko huɗu na turaren wuta ke ci, ko mushen jaki aka ajiye ba za a ji ba. "Ka ji ƙamshi? Lafiya lau."

"Saura ɗanɗano, Alhaji."

Alhaji ya dubi gugan. Ya dubi sama. "Yau Alhamis. Azumi nike."

Daidai nan wani mai kura ya ƙwanƙwasa get, aka shigo da jakunkunan fiya wata guda ashirin aka wuce da su cikin gida. Su biyun suka bi su da kallo har suka shige.

"Hajiya ce," in ji Alhaji. "Cikinta ba ya son sauyin yanayi." Sai ya rage murya, ya dafa kafaɗar Ɗanasabe, abin da bai taɓa yi ba, ya kuma janye hannun da sauri. "Saurara. In anka ga inji a bakin rijiyar ga, an gama da ni. Shekara goma sha biyar ana kirana Mai Rijiya. So kake a koma kirana mi? Ruwa ne, zai tace kansa. Gobe in buɗe get, kowa ya ɗiba, magana ta wuce. Kai kuma an san ka. Ba ka da surutu. Ba kamar wancan tsohon ba, wane ne sunansa, mai kwalabe."



Ɗanasabe ya koma gida bayan la'asar, ya yi wanka, ya zauna a kan tabarma bai taɓa tuwon da aka ajiye masa ba. Taiba mace ce mai kaifin ido da kaifin harshe, tana tankaɗe tana satar kallonsa.

"Baban Farida, ko dai yau ma an ba ka kofi ne ya fashe a hanya?"

Bai saba faɗa mata abin da ya gani a gidajen mutane ba, ita ma ba ta tambaya. Ranar ya faɗa mata, ba tare da ya ɗago kai ba. Ta ajiye rariyar tankaɗe.

"Gida talatin! Da goyo da tsofaffi! To ka tashi ka faɗa wa mai unguwa mana."

"In faɗa, gobe wa zai kira ni? Kin manta Bawa?"

"To ni in faɗa wa mata. Kafin isha'i ta kai Maradun."

"Daga wane gida maganar ta fito? Ɗaya ne."

"To ka zauna ka yi shiru, jibi a fara ɗaukar yara zuwa asibiti, kai kuma kana nan da sana'arka lafiya lau." Ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi har gari na tashi. Can ta ce, "Ni abin da ke ba ni haushi, ko ka faɗa ma wa zai yarda? Alhaji ya ce ƙarya ne, an gama. Mutanen da in ka sha ruwa a kofinsu sai su bar maka shi. Su ai ba ƙazanta suke gudu ba, kai suke gudu."

Ɗanasabe ya ɗago kai ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta har ta tsargu.

"Mi na ce?"

"Ba komai. Miƙo min sabulu da ledar kulorin."

Yana da wani baƙin bokiti na ƙarfe mai lanƙwasasshen hannu, wanda duk Mafara ta sani. Da shi yake kwashe abin da inji ya kasa zuƙa. In yana tafe da shi a rataye jikin amalanke, mata kan ja yaransu gefe. Yammacin nan ya zauna ya wanke bokitin ciki da waje sau uku, ya jiƙa shi a ruwan kulorin, ya ɗauraye da tafasasshen ruwa. A duk unguwar Alhaji babu tukunyar da ta kai shi tsabta. Da ya bushe, ya ɗebo laka mai kyau daga gindin zogale ya shafa masa a baya, don kada ya yi kama da abin da aka wanke.

Juma'a da safe ya sa kayan aiki, doguwar rigar leda da takalman roba har gwiwa, ya ɗauki baƙin bokitin, ya tafi ɗauko injinsa da ya bari a gidan Alhaji. Ya tarar an buɗe get, mata sun fi goma sha biyar sun yi layi da jarkoki da bokitai. Kwana biyu ba ruwa, kowa na sauri. A gaba akwai Inna Nagode, wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda muryarta ke kaiwa ƙarshen unguwa ba tare da ta yi niyya ba. Ta riga ta cika jarka ɗaya, wasu biyu ma sun cika. Alhaji na zaune a kujerar roba da carbi, yana karɓar godiya.

Ɗanasabe ya yi sallama. Ya gaida Alhaji, ya gaida Inna Nagode, ya tambayi kwana da gajiya da jikoki da kasuwa, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Inna, ɗan ara min igiya, in ɗauraye ƙafa."

Kafin ta gane abin da ake ciki, ya kwance gugan, ya ɗaura baƙin bokitinsa, ya sake shi cikin rijiya. Kowa ya ji ƙarar faɗawarsa a ruwa. Ya jijjiga igiyar sosai don ya nutse, ya jawo shi a hankali, ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin rijiyar, ya kwarara ruwan a kan takalmin, rabi ya zuba a tayil, rabi ya koma inda ya fito.

 Sai Inna Nagode ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Jama'a, bokitin! Bokitin nan ne! Ɗan nan, uwarka ta haife ka da hankali kuwa?"

"Mi ya faru, Inna?"

"Mi ya faru! Shina tambaya mi ya faru! Wayyo ni Nagode, yau na ga ƙarshen duniya da idona!"

Ta kai wa jarkarta shuri, ruwan ya malale, alhali tun kafin ya iso ta cika ta. Sauran biyun ma suka tuntsurar da nasu, don ba wanda ke da tabbacin ko iskar bokitin ta taɓa su. Wata ta cire ɗankwali ta toshe hanci, tana cewa tun daga nan tana jin warin. Wata ta ce dama tun shigowarsa ta ga idonsa ba daidai ba. Maza suka fara fitowa daga gidaje.

Alhaji ya miƙe. Ya dubi Ɗanasabe, Ɗanasabe ya dube shi. A wannan kallon kowannensu ya gane ɗan'uwansa sarai. Alhaji mutum ne mai saurin gane kasuwa. Ya ja numfashi, ya ɗaga murya yadda na bayan get za su ji.

"Haba Ɗanasabe! Haba! Rijiyar da na tsare shekara goma sha biyar! Na shigo da kai gidana ka gyara min famfo, abin da za ka saka min da shi ke nan?"

Bayan an sauko daga Juma'a aka zauna a zauren mai unguwa Hamidu, wani dattijo mai sanyin magana wanda ba ya son ƙara ta wuce zaurensa. Zauren ya cika har waje. An bar wa Ɗanasabe fili mai faɗi shi kaɗai a tsakiya.

"Ɗanasabe, mi ya kai ka?"

"Kuskure ne, ranka shi daɗe."

"Shekara nawa kana wagga sana'a, ba ka san inda ake sa wanga bokiti da inda ba a sa shi ba?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

"To?"

Wannan ne wurin. Da ya ce a je a dubi zanen ruwa a bangon Alhaji, da magana ta juya. Zanen na nan, bai gama goge shi ba. Ya dubi tabarma, ya ce, "Mantuwa ce. A yi haƙuri."

Wani daga baya ya ce a kai shi wurin 'yan sanda. Wani ya ce warin ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, dama an ce yana yi. Inna Nagode daga bakin ƙofa ta ce a bar mata shi minti biyar kawai. Mai unguwa ya ɗaga hannu, ya yanke hukunci: wanda ya ɓata shi zai gyara. Ɗanasabe zai yashe rijiyar ƙaf da hannunsa, ba lada ba godiya, ya zuba magani, kuma ba mai sha sai an kwana uku.

"Na karɓa, ranka shi daɗe. Sai dai in an yarda, a yashe ta sau biyu. Bokitin ya nutse sosai."

"Sau uku!" in ji Inna Nagode.

"Kuma," in ji Ɗanasabe, "da an ɗaga bakinta da bulo jeri uku, an sa murfi mai makulli. Don kada wani mara hankali irina ya sake."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce shi ya yafe don Allah, kuma bulo da siminti a bar masa, shi zai kawo. Zauren ya ɗauki kabbara. Wani malami da ke wurin ya ce irin wannan haƙuri sai a littafi. Aka yi wa Alhaji addu'a mai tsawo, Ɗanasabe ma ya shafa.

Ya yashe rijiyar sau uku, da sabuwar tiyo da unguwa ta tilasta a saya a gaban shaidu. Mutum biyar suka tsaya a kansa suna lura kada ya yi ha'inci. Abin da ya fito daga ƙasan rijiyar a yashewar farko, duk wanda ya gani ya kau da kai, ya ce lallai bokitin nan ba ƙaramin mugun abu ba ne, dubi abin da ya zubar a nutso ɗaya. Ba wanda ya yi ciwon ciki a unguwar wannan damina. An ce albarkar haƙurin Alhaji ce.

Sai waya ta yi shiru. Mako ɗaya, mako biyu, ana ruwa kusan kullum, Ɗanasabe na zaune a ƙofar gida yana goge injin da ba ya bukatar guga. An daina kiransa Injiniya, an koma kiransa Mai Bokiti. Ya ji labarin gidaje biyu da suka ɗauko mutum daga Bakura. Taiba ta daina yi masa ba'a, wannan ya fi komai damunsa. Ya fara tunanin ko ƙanensa zai yarda ya raba gonar Birnin Tudu biyu.

Rana ta goma sha bakwai, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar babban mutum ce, irin wadda ta saba a saurare ta. Ya ce sunansa Alhaji Mas'ud, daga Maradun yake kira. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, suka sake wata.

"Wato, ɗan ruwan sama ne ya taru min a gida," in ji Alhaji Mas'ud. "An ba ni lambarka. An ce min ba ka da cikakken hankali."

"Haka ake faɗi, Alhaji."

"Amma an ce ko wuƙa anka sa maka a wuya, ba ka magana."

"Wa ya faɗa maka?"

"Wani surukina ne nan Mafara, ɗan kasuwa. Ya ce kada in ce shi ne. Za ka iya zuwa yau?"

Taiba ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu ta tsaya. Ɗanasabe ya ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru.

"Zan zo, Alhaji. Tambaya ɗaya kafin in nemi mota. Akwai rijiya a gidan?"

"Rijiya kuma? A'a, burtsatse muke da shi, can nesa a bayan gida. Mi ya sa?"

"Alhamdu lillahi," in ji Ɗanasabe. "Kada a kunna turare kafin in iso."